Bashen Gado: Yadda Aka Tada Tsohuwar Peugeot 504 a Damagaram

A Damagaram, idan tsohuwar mota ta mutu a ƙofar gida, ɗayan biyu ne makomarta. Ko masu sayen tsohon ƙarfe su zo su daddatsa ta su auna a kilo, ko a bar ta nan awaki suna kwana a ƙarƙashinta har rairayi ya haɗiye tayoyin. Motar da zan yi bayani a kanta ta tsallake duka biyun. Peugeot 504 ce a-kori-kura, irin wadda muke kira bashe. Ta yi shekaru a kafe a bakin wani fili a unguwar Birni, yau kuma tana lodi a tasha. Wanda ya tada ta ba makanike ba ne, ba shi da kuɗi, kuma ya yi aikin ne a shekarun da babu wanda ya ji daɗinsu a garin nan: an rufe iyaka, an yanke wuta, ruwa ya rusa gidaje, ga ciwo a cikin gida.

Unguwarmu ɗaya da shi, don haka a gaban idona aka yi komai. Mutane suna cewa haƙuri ne ya tada motar. Da haƙuri a ciki, amma masu haƙuri da yawa sun binne kuɗinsu a irin wannan aiki sun tashi a tutar babu. Abin da ni na gani shi ne jeri: me aka fara, me aka jinkirta, da yadda aka yanka aikin gunduwa-gunduwa ta yadda duk inda wata masifa ta tsayar da shi, abin da aka riga aka kashe ba ya lalacewa. Sau ɗaya mutumin ya karya wannan jeri, kuma a kansa ya biya kuɗin haɗa inji har sau biyu.

Motar da mai ita

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Samfurin ɗaukar kaya ya biyo baya wajen 1980, ya gaji 404 bashe wadda tsofaffin direbobinmu har gobe ba su daina yabonta ba. Abin da ya fi shafarmu kuwa yana nan kusa. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barinta. Shi ya sa kayan gyaranta suka taru a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tafiyar kilomita wajen 240 daga nan in an bi ta Matamaye da Daura. Duk mai 504 a Damagaram, ran motarsa a rataye yake da wannan hanya.

Mahaifin mutumin direba ne. Ta hannu ya saye ta, ya yi ta jigila da ita: gero daga Damargu ta hanyar Tanut, rake daga Matamaye, ranar Alhamis kuma kayan 'yan ƙauye zuwa Kasuwar Dole. Da ita ya ciyar da gida ya aurar da 'ya'ya. Da idonsa ya fara hazo sai ya ajiye ta, ya ce sai ya ji sauƙi. Babu wanda ya zubar da ruwan inji, babu wanda ya ɗora ta a kan duwatsu, domin kowa ya ɗauka kwana kaɗan ne. Sauƙin bai zo ba.

Ɗansa na biyu shi ne mai labarin. Ya haura arba'in. Da ƙuruciya ya yi wa mahaifinsa yaron mota har ya samu permi, daga baya ya koma fatauci, yana ɗauko kaya daga Maigatari da Kano. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, jarinsa ya narke a hannu. Ya koma kabu-kabu da babur ɗin wani. Yana cikin haka tsohon ya rasu.

Gado kafin gyara

Ran da aka share makoki ya so ya kira makanike. Malamin da ya zo rabon gado ne ya hana shi.

"Ɗana, kada ka ɗaura ko noti ɗaya a motar nan sai an raba ta. In ka gyara abin da ba naka kai kaɗai ba, ran da ta tashi kowa zai tuna rabonsa, ba mai tuna guminka."

Marigayin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi. Lissafin ya fita sumul: uwa tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, sauran 7 kuma namiji ya ɗauki 2, mace 1. Ke nan mutumin da ke mafarkin tada mota rubu'inta kawai ya mallaka. Aka kira mai sayen tsohon ƙarfe ya yi mata kuɗi, aka kira dillalin mota shi ma ya yi, aka tsaya tsakiya. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu a gaban mai unguwa. Inna ta ce ta bar masa nata. Yayansa ya ce shi kuɗi yake so, haka ƙannensa mata biyu. Autarsu ce ta ƙi karɓa.

"Yaya, bar nawa a ciki. In ta tashi mu ci tare, in ta ƙi mu yi asara tare."

Ya kusa shekara yana biyan 'yan'uwa kaɗan-kaɗan daga abin da babur ya kawo, motar tana nan ko ƙura ba a kaɗe mata ba. A majalisa har ana tambayarsa ko ya fasa. A ganina babu kuɗin da ya kashe a duk aikin da ya kai waɗannan amfani, kuma za a ga dalili a gaba. A wannan tsakanin ne aka tono takardar mallakar motar a cikin adakar marigayi, da takardar duwan, wato kwastan, ta ranar da aka shigo da ita. Ya je ya kankare tsatsa a wurin lambar shasi ya gwada da ta takarda, suka yi daidai. Motar da ta fito daga Najeriya ba ta da shaidar duwan, ko ta fi sabuwa lafiya, a shingen jandarma na farko tafiyarta za ta ƙare. Mutane da yawa sai sun gama fenti suke tuna wannan.

Abin da tsoho ya fara dubawa

Akwai wani tsohon makanike a wajen Zango wanda ya tsufa a cikin Peugeot, kowa Baba yake ce masa. Da aka kawo shi bai ko ɗaga murfin inji ba. Ya sa aka haƙe rairayin da ya binne tayoyi, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da ƙaramar guduma. Ya bi dogayen ƙarafunan da ke ɗauke da bodin baya yana ƙwanƙwasawa, yana saurare. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa sai ka ji shi dum. Ya fi daɗewa a wuri biyu: inda kan mota ya haɗu da bayanta, da kunnuwan da ke riƙe da lam, wato faifayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin kaya. Nan ne bashe ke karyewa idan ta sha lodi fiye da kima.

A nan ƙasarmu ta yi mana rana. Ruwan da Damagaram ke samu a shekara wajen milimita 400 ne, a cikin wata uku, sauran watanni iska a bushe take, don haka tsatsa ba ta cin mota kamar a garuruwan bakin teku. Wuri ɗaya ne ya ruɓe, gefen hagu na baya inda awaki suka mayar makwanci, fitsarinsu ya jiƙa rairayi shekara da shekaru. Gara ta cinye katakon daɓen baya, ɓeraye sun yi gida a bayan allon mita sun gwaigwaye wayoyi. Baba ya fito yana karkaɗe riga.

"Ƙashinta lafiya lau. Amma ka ji jerin da za ka bi: ƙasa, inji, birki, wuta, takarda. Taya da batir sai ana jibi za ta hau titi. Fenti kuwa sai ka ci riba."

Hikimar wannan jeri ita ce kowane kaya da irin jiran da yake iya yi. Ƙarfen da aka yi wa walda aka shafa masa mai zai shekara yana jira bai canza ba. Batir in ya zauna mutuwa yake yi, taya ma tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana tana tsattsaga ta. Akwai lambobi 4 a gefen kowace taya, 2 na farko mako ne, 2 na ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma Baba ya koya masa karanta su don kada a sayar masa da tsohuwa mai sabon zane. Talakan da ya fara da taya da fenti don mota ta yi kyan gani, idan ciwo ya tsayar da shi shekara guda, kuɗinsa ne rana ke ci a waje.

Ya ƙara masa da doka ɗaya: duk abin da aka kwance, ko a mayar da shi a ranar, ko a shafe shi da mai a ɗaure a buhu. Mutumin ya tara gwangwanayen tumatir, kowane da notinansa, ya rubuta a jiki da ƙusa: na kulas (kan inji), na lam, na buwat (akwatin giya). Ya jera su a ƙarƙashin gadon Inna inda yara ba sa kaiwa. Abin kamar wasa, amma motoci da yawa a garejin garin nan ba wani babban ciwo ne ya kashe su ba, an kwance su ne aka watsar, kaya suka bi hannun yara da masu aro.

Aikin ƙasa ya tafi salin-alin. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya ɗora sabon ƙarfe, aka kwance lam aka wanke, aka canza guda biyu da suka tsage, aka ja motar zuwa garejin Baba aka ɗora ta a kan duwatsu.

Inji, da inda aka karya jeri

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Aka cire buji huɗun, wato fulogi, aka zuba gazuwal, wato man dizal, a ramukan, aka bar shi makonni yana jiƙa, kullum a ɗan taɓa shi da hannu ba da ƙarfi ba, har wata rana ya saki.

Sai an fahimci ginin injin 504 za a gane abin da ya faru bayan haka. Silinda 4 gare shi, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma ramukan da piston ke kai-komo a ciki ba a jikin gangar injin aka huda su ba. Hannayen ƙarfe ne daban da ake zurawa a cire, makanikai suna ce musu shemiz, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye. Wannan ne ya sa injin ba ya mutuwa gaba ɗaya: in ya gaji sai a zare shemiz da piston a sa sababbi, ya dawo kamar jiya aka yi shi. Amma nan ne kuma lagonsa yake. A gindin kowace shemiz akwai siririn abin toshewa da ke raba ruwa da mai, a sama kuma kulas ne ke danne su, shi kuwa na alminiyom ne, zafi na lanƙwasa shi. Idan aka cire kulas aka juya inji ba a danne shemiz ɗin da wani abu ba, piston zai ɗaga su, abin toshewar ya motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai. Ido ba ya ganin wannan sai inji ya tashi.

A tsakiyar 2023 naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi a Kano, mutumin ya ga dama ta samu. Ya ba wani direba abokinsa saƙo aka kawo masa shemiz, piston, zobba da kusine, wato ƙarafunan da sandar inji ke juyawa a cikinsu, duka masu kyau. Saura juwan na kulas, wato abin toshewar da ake shimfiɗawa tsakanin kulas da gangar inji, da kai kulas ɗin wurin masu injin gyaran ƙarfe a share fuskarsa ta miƙe. Ya ce sai wata mai zuwa.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Hanyar Ƙofar Ruwa ta toshe. Masu injin gyaran ƙarfe sai an kawo wuta suke aiki, layi ya yi tsawo. Baba ya ce a jira.

Jiran ne ya gagara. Abinci ya yi tsada, kabu-kabu ba ya kawo abin da ya saba, matarsa tana da tsohon ciki, ga kaka ta matso, lokacin da kowace mota mai baya take samun lodi. Baba ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, sai wani matashin makanike ya ce shi zai haɗa a kwana uku, kulas ɗin ma ba ya bukatar shara. Aka samo juwan da ya shigo ta barauniyar hanya, ba suna a jikin kwalinsa. Wajen haɗawa yaron ya juya inji shemiz a sake. Injin ya tashi, yara suka yi ta ihu a unguwa, Inna ta fito har ƙofar gida. Kwana kaɗan bayan haka ya fita gwaji hanyar Mirya, kilomita 18 kacal, kafin ya kai allurar zafi ta haye. Ya kashe nan take. Da ya zaro sandar awon mai, man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Ba na ganin laifinsa yadda wasu suka gani. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin awon gobe ba shi ne zai ce don me bai jira ba. Amma asarar ta tabbata: kusine sun tafi, sandar injin da suke riƙewa ta ƙwarzane sai an kai ta an share, ga juwan, ga mai, ga ladan aiki. Kuma kakar da ya yi gaggawa dominta ta wuce motar tana kan duwatsu. Da Baba ya dawo, mutumin ya je ya durƙusa.

"Baba, na yi ganganci."

"Da allura ta hau, ka ƙara tafiya?"

"Ko taku ɗaya."

"To, da sauran magana. Wannan mahaifinka ne ya koya maka."

Shemiz da piston, waɗanda suka fi komai tsada, sun tsira saboda wannan kashewar da ya yi da wuri.

Watannin da ba a taɓa ta ba

Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi aiki. Uwa da jariri sun rayu, amma takardun magani suka cinye ragon da yake kiwo da ɗan abin da ya rage. Wata da watanni ba a sa wa motar hannu ba. A nan dokar buhu ta yi aikinta: Baba ya sa aka wanke kayan injin tas, aka shafe su da mai, aka ɗaure, hunturu ya zo da ƙurarsa ya wuce bai same su ba.

Jarrabawar da ta fi wuya ta zo ta hannun wani mai 504 da iyaka ta hana shi samun kaya. Ya zo ya taya buwat da pon, wato akwatin giya da gatarin baya, da kuɗin da ya fi wanda aka yi wa motar dukanta ranar rabon gado. A lokacin takunkumi tsohuwar mota ta fi daraja a yanke fiye da a haɗe, kuma ta wannan ƙofa da yawa suka tafi: yau a sayar da buwat da niyyar za a sayi wani, gobe radiyato, jibi sai gangar jiki. Ya kai maganar gida. Matar tana kwance ba ta gama warkewa ba ta ce, "Malam, in ka sayar da ƙafafunta me ya rage? Kwasata ta adashe ta kusa, ka jira ta." Auta ma, da yake tana da tumuninta a ciki, ta ce ba ta yarda ba. Hannun jarin nan da ta bari ya ba ta bakin magana, kuma ya yi amfani a ranar.

An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe iyaka. Kuɗin adashe suka sayo kusine da juwan na kirki. Wannan karon Baba da kansa ya haɗa, kuma na tsaya na kalli wani ɓangare. Da aka dawo da kulas daga shara, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ta tsawo da ta kwana, ya ɗaga saitin rana yana neman inda haske zai ratsa. Ya zura shemiz ɗaya bayan ɗaya, yana auna ɗan tudun da kowace ta yi sama da gangar inji, domin wannan tudun da bai kai kaurin farce ba shi ne juwan ke dannewa ya toshe. Wadda ta yi ƙasa ya cire ya canza mata abin toshewa mai kauri. Ya danne su da wasu ƙarafa biyu kafin ya bari a juya komai. Notinan kulas kuma daga tsakiya ya fara ɗaurewa yana fita waje, zagaye bayan zagaye, ya ce bayan kilomita 1,000 a dawo a sake bi. Radiyato an buɗe shi an zuzzura bututunsa, aka fitar da farin dutsen da ruwan rijiya ya tara a ciki. Wannan dutsen shi ne asalin zafin da ya lanƙwasa kulas tun zamanin marigayi.

Damina ta 2024

Inji ya zauna daram, saura birki da wuta da taya, sai damina ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe mutane suna kallo. Gidaje da yawa a unguwar sun bi shi. Katangar gidan mutumin da ɗaki ɗaya suka zube, Allah ya sa ba kowa a ciki. Kuɗin birki suka tafi ga bulo da magina.

Sai ga irin jarrabawar bara ta dawo da wata fuska. Kowa a gari yana neman motar da za ta kwaso masa yashi da bulo, kuɗi a hannu, ga mota injinta na aiki. Ya ce da Baba zai riƙa lallaɓawa a cikin gari da giya ta ɗaya da birkin hannu. Baba bai yi musu da shi ba. Ya buɗe delko ya zare ɗan abin da ke juyawa a ciki yana raba wuta ga buji, ya jefa a aljihun rigarsa, ya ce ranar da birki ya kama a zo a karɓa. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, robobin ciki suna bushewa su farfashe, kuma motar da ta yi shekaru a tsaye takan ba ka birki sau biyu ta hana ka na uku. A lungunan Birni da yara ke wasa a bakin ƙofa, da tan guda na yashi a baya, wannan ba abin gwaji ba ne. Mutumin ya yi fushi kwana biyu, ya huce, ya koma kan babur. A wurina nan ne aikin ya tsira, fiye da ranar da inji ya tashi.

Bayan kaka aka yi birkin gaba da na baya, aka canza robobi da bututu, mai wuta ya sake jan wayoyin da ɓeraye suka ci, sannan aka sayi taya da batir. Takardu suka biyo: mayar da sunan mallaka, inshora, duba lafiyar mota, da rajista wurin sandika, wato ƙungiyar direbobi, a tasha.

Makon da ta fara lodi yayansa ya zo da magana, wai motar mahaifinsu ce su duka, kuma an yi mata kuɗi da araha. Ba a yi doguwar jayayya ba. Inna ta sa aka ɗauko takardar nan mai hannun shaidu, aka karanta a gabansa, ya yi shiru. Da a ce an bar rabon sai yanzu, da motar da ke tafiya za a yi wa kuɗi, mutumin ya sayi guminsa da kansa, zumunci kuma da wuya ya kai labari.

Lissafi

Shin ta biya? Har yanzu ba ta mayar da duk abin da ta ci ba. In aka haɗa kuɗin 'yan'uwa, da haɗin inji biyu, da kakar da aka rasa, jimlar ba ta yi nisa da kuɗin wata ta hannu mai tafiya ba. Sai dai wannan kwatanci na mai kuɗi a dunƙule ne. Mutumin bai taɓa riƙe rabin wannan jimla a lokaci ɗaya ba, kuma ba mai ba ɗan kabu-kabu bashinta. Da ya ce zai tara a gwangwani, da haihuwa da katanga sun cinye. Gyaran ya zame masa asusun da ba a iya fasawa cikin dare, jika biyar yau, jika goma wani wata, kowace ta zama ƙarfe.

Kasuwar ma ba irin ta zamanin mahaifinsa ba ce. Ƙananan kaya na cikin gari babura masu ƙafa uku sun kwashe, don ba sa shan mai. Hanyoyin rairayi masu nisa kuma na Hilux da Land Cruiser ne, ita bashe ƙafafun baya kawai ke ja. Abin da ya rage mata shi ne tsaka-tsaki: kasuwannin ƙauye da ke kan hanya mai ƙarfi, buhunan hatsi, rake, awaki, kayan ɗakin amarya. Man fetur shi ne babban abokin rabonta. Man Najeriya na kwalba da aka saba saye da araha a bakin titi ya ƙare tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage litar esans daga sefa 540 zuwa 499, abin ya taimaka, amma a watan Maris na 2025 aka shiga ƙarancin mai har a nan, duk da matatar SORAZ, da aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana, tana kilomita wajen 50 a arewa da gari. Ya kwana a layi kamar kowa.

Abin da ya shigo kashi huɗu yake yi: mai, gida, tumunin Auta, da gwangwanin mota wanda ba a taɓawa sai don ita. Ba ya yarda a ɗora mata abin da ya wuce ƙarfinta ko 'yan kamasho sun yi ta magiya, domin ya ga wurin da aka yi wa walda da idonsa.

Da sauran aiki. Giya ta uku tana fita da kanta in an saki totur a gangara, yana tafiya ne hannunsa a kan sanda. Tamfol ɗin baya na aro ne, fenti kuma har yau ba a yi ba, ƙofa ɗaya launinta daban. Kayan 504 masu kyau suna raguwa a kasuwa tun da aka daina ƙera ta, jabu suna ƙaruwa, Baba kuma ƙarfinsa ya fara ja baya, shi ya sa mutumin ya tura babban ɗansa garejin yana koyo bayan an tashi daga makaranta. Ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wani buwat da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, za a ɗora shi bayan kaka in ya cika kuɗin.